Ƙwayar dakashin saniya da ɗana mai buga ƙwallo: in saya ko in hana?

Assalamu alaikum, Anti. Ni uwa ce, a Makka nake, wajen Shara Mansur. Nan aka haife ni, nan na haifi 'ya'yana. Ɗana na biyu shekararsa 17, yana buga ƙwallo a ƙungiyar matasa ta wani nadi, wato kulob ɗin ƙwallo. Tun da aka shiga wannan kakar yake kukan gajiya. In ya dawo daga tamrin, wato atisaye, sai cikinsa ya murɗe, wani lokaci ya yi ta zarya banɗaki, mura kuma ba ta barinsa ya huta. Mudarrib, wato kocinsu, ya fara ajiye shi a benci.

Ƙanen mijina yana sayar da kayan 'yan motsa jiki ta WhatsApp. Shi ya kawo masa wata kwalba, ya ce dakashin saniya ne aka busar aka zuba a ƙwayoyi, wanda Larabawa ke ce wa liba. Ya ce yana gina tsoka, yana ƙara gudu, yana korar mura, kuma manyan 'yan wasan Turai duk shi suke sha. Ƙwaya 120 ce a ciki, kowacce miligiram 500, a sha biyu kullum, riyal 280. Rubutun jikinta duk Turanci ne, babu Larabci ko kalma ɗaya. Ya ce in kuɗin ya yi mana yawa, yana da aboki mai shanu a wata istiraha, wato gidan hutu na bayan gari, a hanyar Jumum, zai riƙa samo ɗanyen in saniya ta haihu.

Mijina direba ne, ni kuma waina nake yi ina sayarwa. Na ce a dakata tukuna. Tun ranar yaron ya ɗauke min wuta, wai ni nake tare masa hanya. Mijina ya ce shi ba zai iya buɗe baki ya ce wa ƙanensa a'a ba. In saya ne, ko in tsaya a kan bakana?

Uwa mai neman mafita, Makka

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana yaran, ya sa albarka a ƙafar wannan ɗa. Ki tsaya a kan bakanki: kada ki sayi kwalbar nan, ɗanyen na istiraha kuma ko kyauta aka kawo kada ya sha shi ɗanye. Ba wai dakashi guba ba ne, ba kuma ƙarya ce zalla baffan yaron ya shirga ba. Akwai ɗan abin da yake yi, sai dai bai kai abin da aka faɗa muku ba, kuma wanda ke cikin kwalbar nan ko kusa bai isa ya yi ɗan abin ba. Zan tsawaita kaɗan, don saurayi ɗan shekara 17 ba ya jin "na ce a'a", sai an ba shi hujja.

Allah ya yi dakashin saniya ne domin maraƙi. Mahaifar saniya ba ta barin sinadaran garkuwar jiki su ratsa daga uwa zuwa ɗa, saboda haka maraƙi yana faɗowa duniya ne babu abin da zai kare kansa da shi daga cuta. Nonon farko, mai kaurin nan da rawaya-rawaya, shi ne ke ɗauke da garkuwar. Furotin ɗin cikinsa yakan kai wajen kashi 14 cikin ɗari, alhali na madarar yau da kullum kaɗan ya haura 3. Hanjin maraƙi kuma a ranar farko yana da wata baiwa: yana barin waɗannan sinadarai su shige cikin jini ɗungurungum, ba tare da an narkar da su ba. Kafin a cika awa 24 ƙofar ta rufe. Shi ya sa masu gonakin madara suke gaggawar ɗura wa maraƙi kusan kashi goma cikin ɗari na nauyin jikinsa a sa'o'in farko, shi ya sa kuma makiyayi ba ya wasa da maraƙin da bai kama nono da wuri ba.

Hanjin ɗanki ba shi da wannan ƙofar. Abin da ya haɗiya, ciki zai narkar da mafi yawansa kamar yadda yake narkar da ƙwai ko nama. Ɗan abin da ya tsira daga narkewa a cikin hanjin yake tsayawa ya yi aikinsa, ba ya wucewa jini ya tafi cinya ya zama tsoka.

Abin dariya ma, mu ne fa mutanen da kakanninmu suke matse dakashin mai jego su zubar, wai ƙazanta ne, a yi ta ba jariri ruwa har nono ya yi fari. Wanda Allah ya ba mu kyauta, wanda likitoci ke roƙo a ba jariri cikin awar farko da haihuwa, mun daɗe muna ƙyamarsa. Na saniya da aka zuba a kwalba aka lika masa Turanci kuma muna neman cin bashi a kansa.

To, me masu bincike suka gani? An gwada shi a kan 'yan wasa, ba sau ɗaya ba. A yawancin gwaje-gwajen akan raba mutane biyu, a ba waɗansu garin dakashi, a ba waɗansu garin furotin na madara na yau da kullum, a ga wa zai fi. Wajen gudu da ƙarfi sakamakon ya rarrabu. A Holan a 2002 an ba 'yan wasan hoki giram 60 kullum har sati takwas, aka ga gudunsu na gajeren zango ya ɗan fi na sauran. A shekarar dai, a Ostareliya, an gwada shi a kan mata masu tseren kwale-kwale, ba a ga tserensu ya ƙaru ba. Haka abin yake ta tafiya: nan a ga ɗan bambanci, can a rasa. Mutanen da ake gwadawa 'yan kaɗan ne, gommai, kuma manya ne, ba samari masu tasowa ba. In da yana gina tsoka yadda ake tallarsa, da tuni magana ta ƙare, kamar yadda ta ƙare a kan wasu abubuwan da aka tabbatar.

Inda ya fi nuna alama shi ne hanji da mura, kuma na san nan ne zuciyarki za ta ɗan karkata, tunda su ne ke damun yaron. In mutum ya yi gudu mai tsanani, musamman cikin zafi, jini yana barin hanji ya koma tsoka da fata, bangon hanjin ya ɗan saki. Wani bincike a Ingila a 2011 ya nuna giram 20 kullum na sati biyu ya rage wannan sakin sosai. An kuma haɗa sakamakon gwaje-gwaje da dama a 2016, aka ga masu shansa kwanakin murarsu sun ragu. Wannan gaskiya ne, ban ɓoye miki ba. Amma abin da aka auna a na farkon alama ce ta ɗakin gwaji, ba wai an tabbatar ciwon cikin ɗan wasa zai daina ba. Da kwamitin Olamfik na duniya ya tara masana a kan irin waɗannan kayan, rahotonsu na 2018 bai sa dakashi cikin abubuwan da ke da hujja mai ƙarfi ba.

Yanzu ɗauko kwalbar, ki kira yaron, ku yi lissafin nan tare. Ya fi duk wata nasiha. Ƙwaya ɗaya miligiram 500, wato rabin giram. Biyu a rana giram ɗaya ke nan. Masu binciken nan giram 20 suke bayarwa, wasu 60. Kafin ya kai giram 20 sai ya haɗiye ƙwaya 40 a rana ɗaya. Kwalba mai 120 kwana uku za ta yi masa. A wata kwalba goma, riyal 2,800. In kuma biyun da aka ce zai riƙa sha, to furotin ɗin da ke cikinsu bai kai na cokali biyu na laban, wato nono mai tsami, ba. Ko dai ku biya kuɗin da ba ku da shi, ko ku biya riyal 280 a kan abin da bai kai ya yi komai ba. Ki bar shi ya danna lissafin da kansa a wayarsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba kuɗin ba ne. Yaron nan yana da rajista a nadi, dokar munashshiɗat, wato ta hana shan abubuwan ƙara kuzari a wasanni, ta hau kansa. A cikin dakashi akwai wani sinadarin girma da ake kira IGF-1, kuma shi masu talla suke kafa hujja da shi in suna maganar tsoka. Sinadarin nan yana cikin jerin abubuwan da WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan abubuwan ƙara kuzari a wasanni, ta haramta. Dakashin kansa ba ta haramta shi ba, amma ta fito ta ce ba ta ba 'yan wasa shawarar shansa, don yana iya taɓa sakamakon gwaji. Wani bincike a Finlan a 1997 ya ga sinadarin ya ɗan hau a jinin masu sha, waɗanda suka biyo baya da dama ba su ga haka ba. Kin ga mai tallar ya shiga tsaka mai wuya: in sinadarin yana shiga jini, to abin da aka hana ne, in ba ya shiga, ina tsokar za ta fito?

Wannan ma ƙaramar damuwa ce in aka kwatanta da kwalbar da ba a san asalinta ba. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya sayi kayan ƙarin abinci na 'yan wasa iri 634 daga ƙasashe 13 a shekarun 2000 da 2001, ya tarar kusan kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da sinadaran gina tsoka da aka haramta, waɗanda ba a rubuta a jikin kwalbar ba. Dokar wasanni kuwa ba ruwanta da "ban sani ba". Abin da aka samu a fitsarinka naka ne, ko baffanka ne ya ba ka, ko mudarrib. Mutanen Makka da Jidda ba sa buƙatar a ba su labarin Muhammad Nur, ɗan ƙwallon ƙungiyar Ittihad, haifaffen Makka, jininmu. Gwajin 2015 ya nuna abin da aka haramta, magana ta je har kotun wasanni ta duniya, aka tabbatar masa da dakatarwar shekara huɗu, wasansa bai sake tashi ba. Ba dakashi ne ya jawo masa ba, ba kuma ina zargin kwalbarku da komai ba ne. Ina nuna miki ne cewa dokar da ba ta ɗaga wa gwarzo irin wannan ƙafa ba, ba za ta ɗaga wa yaron da ke benci ba. Ɗanki ya fi ki sanin labarin. Ki tuna masa kawai.

Rashin Larabci a jikin kwalbar alama ce mai ƙarfi cewa ba ta hanyar da aka saba ta shigo ƙasar ba, ƙila a jaka aka ɗauko ta ko aka yi odarta ta intanet. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya tana da manhaja mai suna Tameni, a saka sunan kaya ko a haska lambar jikinsa a ga ko tana da labarinsa. Ki kuma duba da me aka yi ɓawon ƙwayar, don akwai wanda ake yi da jelatin, kuma ba kowane jelatin ne na halal ba.

Ɗanyen na istiraha kuwa, nan babu ja-in-ja. Ɗanyen nono shi ne babbar hanyar kamuwa da zazzaɓin nan da Larabawa ke kira humma malɗiyya, cutar da makiyayanmu ke ce wa bakkale a jikin shanu. Sananniya ce a ƙasar nan. Zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, da gumin dare, da ciwon gaɓɓai da baya, maganinsa kuma sati shida ne ko fiye ana shan ƙwayoyi. Ɗan ƙwallon da ya kamu da ita kakarsa ta tafi. In an kawo muku liba, ki dafa shi ya daskare kamar yadda tsofaffi ke yi, a zuba sukari da hel, kowa ya ci. Abinci ne mai daɗi mai gina jiki. Wutar ta lalata yawancin sinadaran garkuwar da ake kurarin, amma ta kashe cutar, kuma cinikin ya yi kyau.

Mu koma kan yaron, don duk surutun kwalbar nan ya rufe ainihin maganar. Saurayi mai gajiya, mai murɗawar ciki, mai mura a kai a kai, likita yake buƙata kafin komai. Ki kai shi wajen likitan nadi in suna da shi, ko mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a duba jininsa: yawan jinin, sinadarin ƙarfe, da bitamin D, wanda ƙarancinsa ya yi yawa a ƙasar nan duk da ranar da muke sha, saboda kowa gudun rana yake. A kuma duba masa sikila in ba a taɓa yi ba, gwajin nan da ake yi wa masu shirin aure tun 2004. A cikinmu masu ɗauke da rabin ƙwayar halittar sikila suna da yawa. Ba ta hana mutum wasa, akwai manyan 'yan wasa masu ita, amma mai ita dole ya kiyayi ƙishirwa da wuce gona da iri cikin zafi, kuma ya kamata mudarrib ya sani. In akwai jini a bayan gidansa, ko yana ramewa, ko zawon yana tashinsa cikin dare, kada ki jira sati mai zuwa.

Sannan ki sa ido a kan kwanansa na sati guda, ba tare da faɗa ba. Ƙarfe nawa yake barci? Kin san halin garin nan, dare ne rana. Yaro ya dawo tamrin bayan isha'i, ya ci abinci sha biyu, ya riƙe waya har biyu ko uku, asuba ta yi, ga makaranta. Mai shekarunsa awa takwas zuwa goma yake buƙata, kuma ƙarancin barci kaɗai ya isa ya kawo gajiyar da murar gaba ɗaya. Balle Makka, da duniya duka ke kawo mata tarinta lokacin Umra da Hajji. Allurar mura ta shekara-shekara ta fi masa wannan kwalbar amfani. Me yake ci kafin ya fita? Wanda ya cika ciki da kabsa ko buros mai maiƙo awa ɗaya kafin gudu, dole ciki ya murɗa. Babban abinci ya kasance awa uku kafin tamrin, in lokaci ya matso ayaba ko dabino sun isa. Ki tambaye shi ko yana shan lemukan gwangwanin nan na ƙarin kuzari, ko yana haɗiyar maganin ciwon jiki irin su burufen kafin wasa, don samari suna yi a ɓoye, kuma duka biyun suna tayar da hanji. In ma madara ce ba ta karɓe shi ba, to dakashi ƙara masa zai yi.

Ruwa kuma, a garin da zafi ke haura digiri 40 wata da watanni, ba a barinsa sai an ji ƙishi. Ya hau sikeli kafin tamrin da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, ya mayar da lita ɗaya da rabi a hankali kafin ya kwanta.

Tsokar da yake nema a tukunyarki take. Ɗan wasa mai tasowa yana buƙatar wajen giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa. In kilo 60 ne, kusan giram 100 ke nan a rana, a rarraba a ci sau uku ko huɗu. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin laban ko madara 8, tsokar kaza dafaffiya mai nauyin giram 100 wajen 30, kwanon ful ko wake wajen 14. Ƙwai uku da ful da tamis da safe, kaza da shinkafa da rana, kofin laban da dabino da ya dawo daga fili, wake ko kifin gwangwani da dare, ya kai har ya wuce. Riyal 280 ɗin nan in kika shiga da su bagala, wato kantin unguwa, kwandon ƙwai da laban na wata guda za ki fito da su. Ki ware su, ki ce masa nasa ne, na wasansa ne. Yaron ba ƙwayar yake so ba kamar yadda yake so ya ga gidan ya ɗauki ƙwallonsa da muhimmanci. Bencin nan yana cin sa, yana ganin sa'o'insa suna wuce shi, sai ga wani ya zo da abin da ya ce zai fitar da shi. Da kika ce a dakata, abin da ya ji shi ne ba ki yarda zai kai ba. Ki gaya masa da bakinki cewa kin yarda. Uku daga cikin 'yan bayan da Saudiyya ta kai gasar cin kofin duniya ta 2018 Hausawi ne sunansu, kyaftin ɗinsu Usama kuma a ƙungiyar Wahda ta Makka ya taso. Hanyar a buɗe take, kuma ki ce masa ya je ya tambayi mudarrib kai tsaye me ya sa yake ajiye shi. Mai yiwuwa amsar ba ta da alaƙa da tsoka sam.

Saura baffa. Ban ga alamar mugunta a lamarinsa ba; shi ma abin da aka faɗa masa yake maimaitawa, ga neman na cefane. Kada ki ce masa kayansa jabu ne, kada kuma ki tura mijinki ya yi abin da ya riga ya ce ba zai iya ba. Ki jingina maganar da dokar nadi, don gaskiya ce: ɗan wasa mai rajista ba ya shan komai sai likitan ƙungiya ya gani ya amince. Ki ce, "Baffan yara, mun gode da kulawa, Allah ya bar zumunci. Sai dai an ja mana kunne a kan gwaji, ba ma so abin alheri ya zama sanadin dakatar da shi. Bari mu nuna wa likitansu tukuna." Ki kuwa nuna ɗin, yaron ya ɗauki hoton kwalbar gaba da baya ya kai. Ba na jin akwai likitan nadin da zai sa hannu a kan kwalbar da ba ta da rajista, kuma a'ar da ta fito daga bakinsa ba za ta ɓata tsakanin wa da ƙane ba.

In nan gaba ya girma, aka duba jininsa lafiya, barci da abinci suka daidaita, cikin bai daina ba, likita kuma ya ga a gwada dakashi, to a nemi na gari ba ƙwaya ba, a saidaliyya, wato kantin magani, mai rajista, mai tambarin masu gwada kayan 'yan wasa irin su Informed Sport, a ajiye rasit da lambar kwalbar, a ba shi sati huɗu zuwa takwas. In ba a ga canji ba a daina. Kwalbar da ke hannunku yanzu kuwa, in ba a ɓalle murfin ba, ki mayar wa baffan da ita cikin mutunci tun bai sa ta a lissafin bashi ba.